Harbi Na Biyu

Samaru, Zariya
Ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana, Babana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji da ya raya ka har na ga ranar da za ka ɗaure kayanka ka bar gidan nan da fuska a sake, ba korarka aka yi ba, aiki ne ya kira ka. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a gonar da aka damƙa maka.

Za ka yi mamaki, tsakanin ɗakina da naka taku goma ne, ga ni ina rubuta maka wasiƙa sai ka ce kana Legas. Ka san halina. Sunan mahaifina ka ci, kai ne kuma ɗan fari, bakina ba ya buɗewa sosai a gabanka. Sau uku a makon nan na zo ƙofarka da magana, sau uku na ɓige da tambayarka ko an ba kaji ruwa. Mamanka ta gaji da ni, ta ajiye mini takarda da biro ta ce in ba zan iya faɗa ba in rubuta.

Bari in fara da mai nauyin, don in na bar ta sai ƙarshe zan sami hanyar tserewa. Ka san hannun daman Baba Tanimu, abokina na kasuwar Sabon Gari, wanda yake yanka mana akuyar Kirsimeti tun kafin a haife ka. Ka san ba shi da babban yatsa da manuni. An gaya maka tsohuwar bindigar toka ce ta fashe a hannunsa. Ba haka aka yi ba. Ni na harbe shi, da sabuwar bindiga, lokacin kana goye a bayan mamanka. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, in ka cire ni da shi da mamanka ba mahalukin da ya sani. Ranar Litinin za ka tafi da taka sabuwar bindigar, ni kuwa ba zan iya barinka ka rataya ta da labarin ƙarya a kanka ba. Na san in ka gama karantawa wataƙila ba za ka ƙara kallona yadda ka saba ba. Wannan nake tsoro, kuma na faɗa maka a fili.

Amma ka yi mini haƙuri in ɗan zagaya kafin in isa can, ƙafata ba za ta tafi kai tsaye ba.

Ranar Asabar da ka sauko daga keke da dogon kwalin nan, ka buɗe ka ce mini bindigar iska ce, ba albarushi, ba kwanso, famfo ake yi mata kamar tayar babur, ka tuna dariyar da na yi? Har na ce ka kai wa 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo da ita. To na janye maganata. Ka jingina tsohon kwanon mamanka a jikin surin bayan gida, ka ƙirga taku sittin, ka kwanta rub da ciki. Na ji "tas", ƙarar da ba ta kai ta tafi ba, sai kwano ya amsa. Ka sake. Ka sake. Sau biyar, ba ka tashi ba, ba ka ɗura komai ba. Na je na ɗauko kwanon, huda biyar, na ɗora murfin kwalbar lemo ya rufe su duka. Kai! Ni da na yi ƙuruciyata ina zuba albarushi, in tura tsumma, in zuba dalma, in danna da sanda, in harba hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya yini yana kuka. Bindigar da na sani in ta yi magana har mutanen Bomo sai sun ji. Taka kuwa kajin da ke tsakar gida ko ɗaga kai ba su yi ba.

Sai ka cire ƙwayoyin dalmar da ke cikinta, na lura da wannan na kuma ji daɗi, ka miƙo mini ka ce in leƙa madubin da ke samanta. Akwai kurciya a kan mangwaron can nesa, da ido kawai ɗigo ce. Na ɗora ido, sai ga ta a gabana. Babana, na ga idonta, ashe ja ne a kewaye. Na ga baƙin zoben da ke bayan wuyanta, gashi a kan gashi, kowanne a jere kamar ɗinkin hannu. Na ga maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Akwai gashi ɗaya a fiffikenta da ya karkace, ta juya baki ta gyara shi a hankali, ba ta san da ni ba. Kurciya nawa na gasa na ci da yaji a rayuwata? Allah kaɗai ya sani. Amma tsakani da Allah ban taɓa ganin kurciya ba sai ranar nan. Na ce a raina, wane irin Mai aiki ne wannan, da zai zauna ya tsara wuyan tsuntsuwar da ba wanda zai taɓa dubawa?

Shi ya sa na miƙa maka bindigar na shige ɗaki. Ka ce wa mamanka wai Baba ya ji haushi don taka ta fi tasa. Ja'iri. Ba haushi ba ne, mamaki ne da tsoro suka haɗu suka zaunar da ni a bakin gado.

Kullum mu tsofaffi muna taƙama da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To kai yanzu kana hango abin da ban taɓa hangowa ba, ba tare da ka hau komai ba. Abin da ya rage mini da zan ba ka shi ne kurakuraina, su kam ina da su da yawa.

Ina sabon shiga aiki a gonakin gwaji na Samaru, damina ta yi tsaka, masara ta kai ƙugu, sai wata zabuwar daji ta fito daga ciyawa. Ba ta tashi ba, ta ɗan matsa ta tsaya tana kallona. Na ce yau ga wawiya Allah ya kawo. Na kayar da ita. Da na je ɗauka, saura kaɗan in taka ƙwai, goma sha huɗu a cikin ɗan rami, na taɓa na ji da ɗuminsu. Ashe ba wauta ce ta hana ta gudu ba. Na kwaso su a hula na kai wa kazar kakarka ta kwanta a kai, uku suka ƙyanƙyashe, ba wanda ya yi mako. Kakarka ta dafa naman amma ta ƙi ci. Ta ce, "Ishaya, ci abinka, kai da ka iya zuba zabi goma sha biyar a tukunya ɗaya." Saboda haka in ruwan farko ya sauka, ka shafe bindigarka da mai ka rataye ta, sai an fara yankan dawa. Na san za su dame ka a gona, zabi da kurege da gafiya, ba su da kunya. Ka kore su da ƙarar gwangwani da mutum-mutumi. Dabbar da ta gan ka ta ƙi gudu, ka tsaya ka tambayi kanka me take tsarewa.

Sai kuma zomo. Wata rana na hango shi ya yi nisa, na san ya yi nisa, amma akwai abokan aiki suna kallo, na ƙi in sauke. Na same shi a ƙugu. Ka taɓa jin kukan zomo? Kada Allah ya jiyar da kai. Kamar jariri yake yi. Ya ja ƙafafunsa ya shige ƙaya, na yi ta nema har rana ta take ban gan shi ba, ina dai jin sa. Wannan madubin naka zai yi maka irin wannan yaudarar fiye da yadda idona ya yi mini, don yana kawo dabba kusa da idonka ne kawai, ba ya rage wa ƙwayar tafiya. Da ka sauka, kafin ka nufi wani abu mai rai, ka kafa katako ka sake gwada saitin, girgizar mota tana karkatar da shi. Ka gane iya inda hannunka yake da tabbas, ka tsaya nan. In ba ka sami saitin kansa ba, ka bar shi ya tafi, gobe ma rana ce. Kada kuma wani ya zuga ka ka ɗaga ta a kan gada ko wani abu babba, ba don su aka ƙera ta ba, rauni kawai za ka yi musu.

Akwai ta dariya ɗaya. Na taɓa harbin hasbiya a kan ɗorawa ban duba abin da ke bayan itacen ba, dalma ta je ta zubo a kan rufin kwanon wata tsohuwa tana shanya kuɓewa. Ta fito da muciya. Zagin da na sha ranar nan, har kakannina da ban taɓa gani ba sai da ta lissafo. Na ci sa'a tsohuwar bindiga ba ta da ƙarfi a nesa. Taka tana da shi, kuma ba ta gargaɗi. Gona bayan kaka cike take da masu kala da masu kiwo da matan da ke neman itace, duk a sunkuye. Kada ka ja kunamar bindiga sai ka san inda ƙwayar za ta kwanta in ka kuskure, suri ko tudu ko ƙasa. Takardar lasisinka ta zauna a aljihu kullum. In ka isa, ka je ka gai da mai unguwa da shugaban maharban wurin, ka nuna musu ita da hannunka kafin su ji labarinta a bakin wani. Zamanin nan mutane a tsorace suke, in za ka ratsa gari ka sa ta a jakarta.

To, na gama zagaye.

Ni da Tanimu mun haɗu ne tun muna samari, na kai masa ɗinkin rigar aurena muka yi ta musu a kan aljihu, daga nan aka ƙulla. Yana son daji kamar me, amma ba ya harbi. Ga shi Musulmi, ni Kirista. Abin da na harba ya mutu kafin a yanka, a wurinsa mushe ne, ba ya shiga tukunyar gidansa. Ni kuwa nama ba ya yi mini daɗi in na san gidan abokina ana shan miya lami. Sai muka yi dabara, ni da bindiga, shi da wuƙa. Ina harbawa yana rugawa, ya tarar da abin da sauran rai, ya yi bisimilla ya yanka, mu raba biyu, gida biyu su ci. Da ka ga gudun Tanimu a lokacin! Siriri ne, ya tattare riga ya cusa a wando, ya tsallake kunya uku a taku ɗaya. Yakan ce mini, "Sarkin Baka, don Allah kada ka cika gwaninta, ka riƙa rage mini ɗan rai." Duk Asabar da sassafe zai taka kekensa daga Sabon Gari, in ji ƙararrawarsa a ƙofar gida.

Shekara bakwai muna haka ko ƙwarzane ba a taɓa yi ba, kuma sai daga baya na gane dalili. Bindigar toka sau ɗaya take magana. In ta yi, sai an zauna an sake ɗurawa, ka iya shanye gaɓar rake kafin a gama. Saboda haka ƙarar bindiga ita ce izinin Tanimu. Ba mu taɓa zama mun shirya hakan da baki ba, ƙafarsa ce ta haddace.

Sai na sami bindiga mai baki biyu, sabuwa fil, da takardunta. Ranar da na nuna masa ya juya ta ya shafa, ya leƙa bakunan nan biyu ya ce, "Lallai Sarkin Baka ya zama Sarkin Baka." Da kansa ya san tana harbi sau biyu. Ni ma na sani. Amma ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa, to yanzu fa tsarinmu ya canza. Murna ta cika mana ciki. Na miƙa masa tsohuwar na ce ya riƙe, ta zama tasa, ko don ado.

Asabar ɗin farko muka nufi wata fadama ta wajen Shika. An gama yankan dawa, gefen gonar gamba ce dogaye, ta fi mutum tsawo. Muka tarar da garken zabi suna kala. Tanimu ya jingina tsohuwar bindiga a gindin itace ya zare wuƙarsa. Na saita na harba, ɗaya ta faɗa cikin gamba, sauran suka watse, wasu sama wasu ƙasa. Ban ko waiwaya ba. Yatsana ya riga ya koma kan kunama ta biyu da kansa, zuciyata tana cewa yau biyu za ka kai gida a tashi ɗaya. Sai na ga ciyawa tana motsi ƙasa-ƙasa, da wani abu toka-toka a ciki. Babana, ban ga zabo ba. Motsi na gani. Na harba.

Ba ihu ya yi ba. Salati na ji, a hankali, kamar wanda ya yi tuntuɓe.

Na jefar da bindiga na kutsa. Yana durƙushe, ƙafarsa a kan fiffiken zabuwar, ya riga ya yanka ta. Rigarsa ce mai ruwan toka. Hannun da ke riƙe da wuƙar, ba zan kwatanta maka shi ba. Na tuɓe rigata na ɗaure, ina kuka ina kiran sunan Yesu ina kiran sunansa, ban san me nake faɗa ba. Shi ne ya kama kafaɗata da hannun hagu ya girgiza ni.

Ya ce, "Ishaya, yi shiru ka saurara. Ina tsohuwar bindigar?"

Na ce tana gindin itace.

Ya ce, "Ɗauko ta ka jefa a kududdufin can. Ita ce ta fashe a hannuna. Na ɗura da kaina, na cika albarushi, ka hana ni na ƙi ji. Ka ji abin da ya faru?"

Na ce ba zan iya ba, ni na yi, a kama ni.

Ya ce, "Kai wawa ne? Wa yake ta taka? Gari bai gama hucewa ba. In muka shiga aka ce Kirista ya harbi Musulmi a daji, wa zai tsaya ya tambayi zabo? Kafin la'asar hayaƙi ya tashi daga Samaru har Sabon Gari. Matarka da goyo take. Rantse mini ba za ka faɗa wa kowa ba."

A shekarar nan ba a daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, mutane suna kwana da takalmi a ƙafa, ƙaramar magana tana iya zama wuta. Ya yi gaskiya, na kuma rantse. Na ɗora shi a keke na tura har bakin titi muka sami mota. A asibiti ya maimaita labarinsa, ya maimaita wa ɗan sanda, ya maimaita wa mahaifinsa da 'yan'uwansa, ko sau ɗaya muryarsa ba ta yi rawa ba. Mamanka kaɗai na gaya wa, shi ma da izininsa.

Na daɗe a duniya, na ga abubuwan mamaki. Na ga ƙwayar masara ɗaya ta ba da goyo biyu, na ga ranar da aka haife ka, na ga wuyan kurciyar nan. Amma har yau ban ga abin da ya kai wannan ba, mutum jininsa yana zuba a ciyawa, yatsunsa na cin abinci sun tafi, shi kuwa yana lissafin gidajen mutanen da bai ma sani ba. In na tuna, sai in rasa inda zan sa kaina. Ni mai zuwa sujada duk Lahadi, a cikin gamba aka yi mini wa'azin da ya fi kowanne shiga jikina.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan, ka riƙe shi da hannu biyu. Sabuwar bindiga ba hannunka kaɗai take canzawa ba, tana canza ƙafar duk wanda yake tare da kai. Sabo turken wawa ne, mu biyu ya ɗaure mu. Mutanen da za ka tarar a can sun saba da bindigar toka, sun saba in sun ji ƙara su ruga. Taka ba ta da ƙara, kuma tana ɗauke da goma a ciki. Kafin ku shiga daji da kowa, ko ya girme ni, ka zaunar da shi ka nuna masa yadda take. Ku yi kalma da baki. Ba mai motsawa sai ka sa makullin kunama, ka ɗaga bakinta sama, ka ce "na sauke" da ƙarfi ya amsa. Kada ka harbi motsi, kada ka harbi launi. Ka ga kai, ka ga ido, Allah ya ba ka madubin da zai nuna maka su. Duk maharbin da na sani da ya yi ɓarna, da "na zata" yake fara ba da labari.

Saura kuskure ɗaya, shi kuwa jiya jiyan nan na san na yi shi.

Ka taso ka ga Baba Tanimu yana sayar da zare da allura da maɓalli. Ba ka san shi da allura a hannu ba. Aikin wuyan babbar riga yake yi, in ya zauna a kan aska takwas, manyan mutane daga cikin birni suke aiko masa, a jira shi wata uku ba a ƙosa ba. Wannan duka ya tafi tare da yatsu biyun nan. 'Yan kasuwa kuma ka san bakinsu, suka sa masa waƙa, wai tela ya bar allura ya ɗauki bindiga. Yana dariya tare da su. Ni ma ina tsaye a wurin, ina murmushi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi tuwo nauyi.

Bayan ya warke ban ƙara kiransa daji ba. Na ce a raina, da wane ido zan ce wa mutumin nan ya zo ya tsaya kusa da bindigata? Na ci gaba da zuwa rumfarsa, ya ci gaba da zuwa gidanmu, amma Asabar na cire ta daga tsakaninmu. Na yi 'yan shekaru ina fita ni kaɗai, abin bai yi mini daɗi ba, na mai da bindigar hannun hukuma na huta. Har na shirya shawarar da zan rufe wasiƙar nan da ita, cewa in za ka fita ka fita kai kaɗai, kada ka ɗauki alhakin kowa.

Jiya na hau keke na je Sabon Gari in roƙe shi ya kwance mini rantsuwa, don ba zan rubuta maka wannan a bayan idonsa ba. Na same shi yana jera zare. Na zauna a bencinsa na gaya masa komai, bindigarka, tafiyarka, har da shawarar da nake so in ba ka. Ya ci gaba da jera zarensa, har wata mata ta zo ta sayi maɓalli ta tafi.

Sai ya ce, "Rantsuwa na kwance, gaya masa. Ai ya kamata ya sani. Amma wannan shawarar taka ta banza ce, Sarkin Baka, kada ka kuskura ka rubuta ta."

Na ce don me?

Ya ce, "In ya sami abokin da zai ruga masa da wuƙa, ya riƙe shi. To don me na yi ƙaryar? Don kowa ya koma ya ci nasa shi kaɗai?" Ya ɗaga hannun nan ya juya shi a gabana. "Wannan tsautsayi ne, tun a cikin ciyawar na yafe. Wanda na daɗe ban yafe ba daban ne. Da na warke, Asabar nawa na wasa wuƙa na zauna ina jiran ka aiko? Ina jin labari wai an ga Ishaya ya fita shi kaɗai. Na ce to, ya ga na zama musaki, ba ni da amfani. Yatsu ba su yi mini ciwon da wannan ya yi mini ba."

Babana, ni da nake zaton tausaya masa nake yi. Shekara talatin. Na zauna a bencin nan a tsakiyar kasuwa, tsoho da furfura, hawaye yana zuba, masu wucewa suna kallo. Shi kuwa sai ya tura mini goro ya ce in daina ba shi kunya a gaban abokan ciniki.

Kafin in tashi ya ce, "Yaron nan sai Litinin zai tafi, ko? To ai akwai Asabar a tsakani. Gudu dai ya ƙare mini, amma in zabon ya yi haƙuri zan iso."

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Jibi da sassafe ni da Baba Tanimu za mu tsaya a gindin ɗorawar da ke bayan makarantar firamare, inda hanyar gona ta rabu. Ni ba zan riƙe komai ba, hannuna ya gama da kunama. Shi zai zo da wuƙarsa. Bindiga ɗaya ce a tsakaninmu, taka, kuma kai za ka zaunar da mu ka koya mana yadda take, mu amsa maka kamar 'yan aji ɗaya. Ba sai ka ce mini komai a kan wasiƙar nan ba, ni ma ba zan tambaye ka ba. In ka ga ba za ka iya tsayawa kusa da ni da bindiga a hannu ba bayan abin da ka karanta, ba zan ga laifinka ba, albarkata kuma tana tare da kai ko ka zo ko ba ka zo ba. Amma shi kada ka bar shi ya ƙara jiran wata Asabar a banza, na riga na sa shi ya jira da yawa.

Ubangiji ya riƙe hannunka, ya buɗe idonka kafin yatsanka. Ya tsare duk wanda zai sunkuya a ciyawa a gabanka, ya tsare ka daga ranar da za ka ce da na sani. Ya ba ka aboki irin nawa, ya kuma sa ka fi ni sanin darajarsa. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Za mu kasance a wurin tun kafin rana ta fito, za mu kuma jira.

Ni ne mahaifinka,
Ishaya